Ciwon Ƙugun Inna

Shekarar da soja suka tattara nasu-ya-nasu suka koma bariki, ina da ɗan asibitina a Makera, ɗaki uku da baranda, a bayan wani shagon masu walda. Asibiti dai sunansa, amma in ka shigo abin da za ka tarar bai wuce benci biyu, gadon duba marar lafiya, da wata fanka mai ƙara kamar injin markaɗe ba. Ni ne likitan yara, ni ne na tsofaffi, ni ne na masu ciki, wata rana ma ni ne alƙalin miji da mata. Nas ɗaya gare ni, Kirista daga kudancin jiha, wadda duk unguwa ke kira Sista. Ta girme ni, ta kuma fi ni baki nesa ba kusa ba.

A lokacin kowa ya zama ɗan siyasa. A kan bencina ake musu, wannan ya ce farar hula za su tayar da masaƙu, wancan ya ce ai su ne za su ƙarasa su. Amma da zarar mutum ya ɗaga labule ya shigo ya zauna a gabana, siyasa ta ƙare, sai maganar inda ke masa ciwo.

A makaranta an cika mana kai da cututtuka masu dogayen sunaye, waɗanda sai ka shekara ba ka ga ko ɗaya ba. Babu malamin da ya zaunar da mu ya ce, ku sani fa, yawancin waɗanda za su zo muku ciwo ne zai koro su. Ban taɓa zama na ƙirga ba, amma wallahi in ka cire jarirai da masu awon ciki, kusan kowa wani wuri ne a jikinsa ya hana shi sakat. Masu zazzaɓin ma ba zafin jikin ke kawo su ba, sai kai ya fara sara gaɓoɓi sun ɗauka sannan su tuna da ni.

Akwai na yanzu-yanzu. Ma'aikacin masaƙa da inji ya datse wa yatsa, mai haƙori da kunci ya kumbura, ɗan acaɓa da ya goge gwiwa a kwalta, yarinya mai ciwon mara. Waɗannan ina son su, Allah ya sani. Ka wanke, ka ɗinke, ka yi allura, jibi ka gamu da mutum a hanya yana washe maka baki. Sai kuma waɗanda ciwo ya tare a jikinsu ya ƙi tafiya: 'yan dako daga kamfanonin Kudenda da bayansu ya riƙe, teloli, mata masu wankau, masu tsayuwa a gaban injin saƙa tun safe har a canji aiki. Su ne kullum a benci, wata ya mutu wata ya kama.

"Baba, me ke tafe da kai?"

"Likita, jikin nan dai."

"Ina ne a jikin?"

"Ai ko'ina."

Ko'ina! Sai in ji kamar in ciji biro. Kuma in ka ba mutum ƙwaya ba ka tsira masa allura ba, gani yake ka cuce shi. Duk da haka na ƙware a kansu. Na kai matsayin da tun daga yadda mutum zai dafa benci ya miƙe na san ƙugu ne ko gwiwa ko gadon baya. Ina alfahari da wannan ido nawa, kuma da shi na ga abin da ke damun Inna tun makon da ta tare a gidana.

Inna ita ce mahaifiyata, ni kuma ɗanta na fari. Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan magana ba. A garinmu, can arewa da nan, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta kallon idonsa, ba ta cin abinci a gabansa, ba ta nuna ta damu da shi ko da ransa zai fita. Tun da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma. Inna na gefe a cikin gida ɗaya, in na faɗi na fasa baki sai ta juya ta ci gaba da tankaɗenta, wata ce za ta zo ta ɗaga ni. Mutane na yabonta, ana cewa ba a taɓa ganin mace mai alkunya irinta ba. Ni ma na taso ina jin daɗin yabon, don ban san wani abu daban ba.

Da Baba ya rasu aka gama takaba, na tsaya kai da fata sai Inna ta dawo Kaduna. Na ce ina likita uwata ba za ta zauna a ƙauye tana jiƙa saiwa ba. Ƙanwata, autarmu, wadda ke aure a garin, ta ɗan yi gardama, na daka mata tsawa ta yi shiru. Kawunmu ya goyi bayana. Aka ɗauko Inna da akwatinta da butarta, na ba ta ɗakin da ya fi kowanne iska a gidan da nake haya, layi biyu daga asibitin.

In za ta tashi daga tabarma, sai ta fara kafa hannu biyu a ƙasa, ta jawo ƙafar dama, ta lalubi bango, ta tsaya a rabin hanya kamar mai tunanin wani abu, sannan ta ƙarasa miƙewa. In tana tafiya ƙafar hagu ce ke biyo ta a baya. A salla kuwa sujadarta ta yi tsawo, kuma na san ba addu'a kaɗai ke riƙe ta a ƙasa ba. Kullum da safe nakan durƙusa a bakin ƙofarta.

"Inna, ina kwana?"

"Lafiya lau."

"Yaya ƙafar?"

Sai ta dubi carbinta, ta ɗaga murya ta kira matata. "Ke, ki ce wa maigidan nan ya tafi aikinsa, mutane na can na jira."

Ina durƙushe a gabanta fa, tsakanina da ita bai fi taku biyu ba. Na gwada bi ta hannun matata, amma ita ma matar ɗan fari ce, rabin kunyar ya shafe ta. In ta tambaya, amsa ɗaya ce, lafiya lau. Na haɗa magunguna na bayar a kai mata, ta karɓa da hannu biyu ta ce an gode. Ban san inda suke zuwa ba sai ranar da wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta tare ni a hanya tana ta sa mini albarka, wai ƙwayar nan da Hajiya ta ba ta ta yi mata maganin gwiwa, ko akwai saura. Ashe Inna rabar da su take yi. In ta sha, ta amsa kenan cewa tana ciwo, kuma ni ta amsa wa.

Na kai wa Sista ƙara ina huci. Ta saurare ni tana naɗe bandeji, da na gama ta kwashe da dariya.

"Dokta, kai da Mama duk kanku ɗaya, taurin kai kamar na jakin dako. Ka bar ni da ita."

Ran Lahadi bayan an taso coci sai ga ta da ɗaurin ɗankwalinta har sama, da ƙullin citta ta garinsu, wai ta zo gaida Mama. Ta shiga ta turo ƙofa. Ina tsakar gida ina karanta jarida a juye. Da fari shiru, can sai na ji magana ƙasa-ƙasa, ta daɗe ba ta fito ba. Washegari tun kafin mu buɗe wa mutane ta zauna a kujerar marasa lafiya ta ce:

"Mama ta yi magana. Gefen hagu ne, daga kwankwaso ya gangaro cinya har gwiwa. In ta daɗe a zaune ta zo tashi ya fi tsanani, haka in an yi ruwa. Ta ce tun bayan haihuwar autarku take jin sa."

Autarmu a lokacin tana da 'ya'ya uku. Na riƙe baki.

Daga nan muka samu hanya. Ni zan zaɓi magani, Sista ta zuba a jakarta ta kai a matsayin nata. Ta gasa mata ƙugu da ruwan zafi da tawul, ta murza mata man zafi, ta koya mata yadda za ta riƙa motsa ƙafar tana kwance. Inna ta san daga inda maganin ya fito, Sista ta san ta sani, ni ma na sani, babu wanda ya ce uffan. Inna ta riƙa sha kuwa. Cikin 'yan watanni ta fara fita barka da suna a layinmu, har ta taka zuwa bakin titi sayen goro. Na yi murna, amma ba zan ɓoye ba, kishi ya ci ni. Ni na yi karatun, ni na san maganin, amma sai wata ta zo daga coci ta ji abin da ke damun uwata ta kawo mini labari kamar ɗan aike. Sista har ta fara lallaɓa ta a kan a tsallaka gada a je babban asibiti a ɗauki hoton ƙashin, Inna ta ce bari dai a sha iska tukuna.

Ba a kai ga haka ba garin ya rikice. Ba sai na ba da wannan labari ba, duk wanda ke Kaduna a lokacin ya san abin da idonsa ya gani. Da ƙura ta lafa mutane suka fara ware kansu, kowa na neman inda nasa suka fi yawa. 'Ya'yan Sista suka kama mata gida a Kamazou, suka ce ba ta ƙara kwana a Makera, ba ta kuma ƙara zuwa aiki. Ban ga laifinsu ba, ni ma da uwata ce haka zan yi. Ranar da Sista ta zo sallama Inna ta buɗe akwati ta ciro turmin atamfa ta ba ta, suka riƙe hannun juna suka daɗe. Na raka ta bakin ƙofa, ta tsaya ta nuna ni da yatsa.

"Dokta, ka nemo babbar mace ta riƙa duba Mama. Kada ka ce za ka yi da kanka. Ka ji ni ko?"

Na ce na ji. Na nema kuwa, amma a wannan lokaci wa ke da zaɓi? Wadda na samu sabuwar fitowa ce daga makaranta. Na tura ta wurin Inna da jakar magani, Inna ta dube ta sama da ƙasa, ta tambaye ta 'yar gidan wa ce, ta ba ta goro, ta ce mata lafiyarta lau. Muka koma gidan jiya.

Damina ta sauka, sanyi ya shiga ƙasa. Inna ta daina fita layi, ta daina fitowa tsakar gida, ta koma salla a zaune. Ta fara ramewa. Na zaci ciwon ne ya hana ta cin abinci, sai matata ta gaya mini gaskiya: da gangan take rage ci da sha, don kada ta buƙaci zagayawa. Banɗakinmu na tsuguno ne, kuma tsugunon nan da tashi daga shi ya zame mata azaba. Na sa kafinta ya yi kujera mai rami aka ajiye a ciki. Ta ce a fitar, ita ba gurguwa ba ce. A asibiti ina yini ina jin ko'ina, ko'ina, daga bakin mutanen da ban haɗa komai da su ba, in dawo gida in durƙusa a ce mini lafiya lau. Raina ya riƙa ɓaci a kan abin da bai kai ya kawo ba, marasa lafiya ma suka fara cewa likita ya canza.

Wata Juma'a na dawo daga masallaci na tsaya a tsakar gida ina magana da mai gyaran famfo. Mun daɗe, don mutumin akwai surutu. Bayan ya tafi na shiga na ci abinci, ina wanke hannu sai ga matata ta shigo idonta jawur.

"Inna ce," in ji ta. "Tun kafin ka dawo ta shiga banɗaki, ta kasa tashi. Ta ji muryarka a tsakar gida ta ƙi kira. Yanzu na je na same ta ta rungume bango, ƙafafunta duk sun sandare. Da ƙyar na kai ta ɗaki."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ban durƙusa a bakin ƙofa ba, ban jira an amsa sallama ba, na ɗaga labule na shiga har tsakiyar ɗakin, abin da ban taɓa yi ba tun da ta zo. Tana kishingiɗe a katifa, leɓenta na ƙasa ya fashe inda ta cije shi.

"Inna, yau sai na duba ƙafar nan."

Ta kawar da kai ta dubi matata da ta biyo ni. "Ki ce masa ya fita."

"Ba zan fita ba! Ga ni a gabanki, ki gaya mini da bakinki. Haba Inna! Duk Makera na kawo mini ciwonsu, arna da Musulmi, wanda na sani da wanda ban sani ba, ke kaɗai ce ban isa ba? Wace irin kunya ce wannan? So kike ki mutu a banɗaki a gidana, a ce ɗanta likita ne?"

Matata ta kama gefen rigata tana cewa in yi haƙuri, na fizge. Inna ta jawo mayafinta ta rufe fuskarta ruf, ta miƙe ƙafafu ta kwanta rigingine.

Na durƙusa na kama ƙafar. Rabon da fatata ta taɓa tata tun ina shan nono. Ƙafar ba nauyi, cinyar hagu ta tsotse ta fi ta dama ƙanƙanta. Na lanƙwasa gwiwar, na ɗaga, na juya ƙugun ciki, ya ƙi tafiya. Na juya waje, na ji ƙashi na gogar ƙashi a ƙarƙashin tafin hannuna. Na san zafin da wannan juyi ke yi, na ga ƙarti majiya ƙarfi sun damƙe mini hannu a kansa. Inna ko motsi ba ta yi ba. Yatsunta kawai suka nutse cikin katifa, mayafin kuma ya jiƙe daidai idanunta.

Na samu abin da nake nema. Gaɓar ƙugun ta cinye, babu sauran abin da ke raba ƙashi da ƙashi. Na sauke ƙafar a hankali na gyara mata zani, na tashi na fita. A tsakar gida na tsaya ina kallon hannuwana.

Washegari na sa ta a mota muka tsallaka gada aka ɗauki hoto, ya nuna abin da hannuna ya riga ya gaya mini. Ba ta yi musu ba. Na kawo magani mai ƙarfi ta sha, na sa a mayar da kujerar banɗaki ta yi amfani da ita, na ce a yi mata allura ta juya aka yi. Duk abin da na ce sai ta yi, kamar fursuna. Na ce a raina, ka gani, da tuni na yi haka. Sai dai in na durƙusa da safe na gaishe ta, ko lafiya lau ɗin ma na daina samu, sai ta gyaɗa kai fuskarta na kallon bango. Bayan 'yan kwanaki ta kira matata ta ce mata, "A kai ni gida."

Na ce babu inda za ta. A ƙauye wa zai yi mata allura, wa zai lura da maganin kada ya ɓata mata ciki? Ta daina cin abinci gaba ɗaya. Dole na aika aka kira kawu. Ya shiga wurinta ya fito, ya zauna a tabarma ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Kawu, laifi na yi da na duba uwata?"

"Ba ta ce ka yi laifi ba. Ta ma ce Allah ya yi maka albarka. Amma ta ce ba za ta iya ci gaba da kwana a ɗakin nan tana jin takunka a tsakar gida ba. Ka bar ta ta tafi, ɗana."

Har yau in an tambaye ni ba zan ce na yi laifi ba. Wane likita ne zai ga haka ya naɗe hannu? Amma na kai ta. Ta zauna a bayan tsohuwar motata ta rufe fuska, hanya duk ramuka, ina kallonta ta madubi duk lokacin da taya ta faɗa, ko tari ba ta yi ba har muka isa. Na sauke ta a gidan auta, na jera wa auta magunguna na yi mata bayani sau biyu, na juyo.

Bayan wata guda na koma da sabon magani. An yi ruwa da safe, lungun ya caɓe, sai na bar mota a bakin masallaci na taka da ƙafa, shi ya sa babu wanda ya ji isowata. Na shiga zaure, na buɗe baki zan yi sallama, sai na ji wata murya daga cikin gida.

"Wayyo Allah ƙuguna! Wayyo ni! Ke, a hankali mana, hannu ne wannan ko muciya?"

Na tsaya cak. Na zaci wata baƙuwa ce aka kawo jinya. Sai na ji auta.

"To ki daina zillewa mana, Inna! Kai, tsohuwar nan akwai raki."

"Uwarki ce mai raki!"

"Ai ke ce uwar tawa."

Aka fashe da dariya, dariyar ta koma wayyo, wayyon ya koma zagi. Murya ce babba, mai kauri, mai daɗi, irin ta matan da ke cika gidan biki. Ta kira sunan Allah, ta kira sunan mahaifiyarta da ta daɗe da rasuwa, ta tsine wa ƙugun, ta tsine wa damina, ta ce a danna nan, a'a ƙasa kaɗan, yauwa nan, wayyo nan ɗin ne. Duk abin da na shekara ina roƙo a gaya mini, ga shi ana zubarwa a tsakar gida har kaji na ji.

Na zauna a dakalin zauren da ledar magani a cinyata. Ni mutum ne da gemuna, amma hawaye na yi, ba zan ƙi faɗa ba. Na yi ta tunanin duk zaman da ta yi a gidana, safe da yamma, da wannan ihu a cikin bakinta tana haɗiye shi saboda ina ɗaki na kusa. Na ɗauko ta daga inda take da damar yin kuka na kai ta kusa da likita, ina ganin gata na yi mata.

Sai da na ji an zubar da ruwan gashin sannan na miƙe na yi sallama. Gidan ya yi tsit.

"Inna, Yaya ne," in ji auta.

Na shiga na same ta zaune a kan tabarma ta ja mayafi har goshi, ta miƙe baya, carbi a hannu. Na durƙusa daga nesa na gaishe ta. Ta amsa a hankali tana duban ƙasa, ta ce wa auta a kawo wa baƙo ruwa. Na kwana biyu a garin, ina shiga ina fita, ban sake jin ko ƙwaƙƙwaran numfashinta ba.

Ranar da zan tafi auta ta rako ni bakin masallaci tana riƙe da ƙullin daddawa da kuka da Inna ta ce a ba matata. Ta yi ta murza bakin mayafinta, na san akwai magana.

"Faɗi mana, me ye?"

"Yaya, don Allah kada ka ji haushi. Ita fa in ta yi ihunta ta gama, sai ta ci abinci ta yi barci. Amma tun da ka zo ba ta runtsa ba, daurewa kawai take yi har ka tafi. In ka tafi kuma na san sai ta kwana biyu a kwance. Da ka riƙa ba direbobin tasha maganin suna kawowa. Ba sai ka zo da kanka kowane wata ba."

Kai! Na zazzaga mata masifa a bakin masallacin nan har masu alwala suka juyo. Na ce ke har kin isa ki yi mini iyaka da uwata, yaushe aka haife ki? Ta tsaya tana kuka ba ta rama ba. Na fizgi ƙullin na jefa a mota, na buga ƙofa na ja, ina ta faɗa ni kaɗai har na hau kwalta.

Da wata ya zagayo na haɗa maganin na ɗaure a leda, na ɗauki makullin mota, na tsaya a bakin ƙofa na daɗe. Daga ƙarshe tasha na nufa, na nemi direban garinmu na damƙa masa, na ce ya kai gidan auta ya ce ina gaida Inna. Haka na ci gaba da yi har Allah ya karɓi abarsa bayan wasu shekaru. Na je mata a tsakani, da salla ko in an yi rasuwa a dangi, ba sau da yawa ba, ba na kuma kwana. Duk zuwan da na yi, a zaure na fi daɗewa.